Tsakuwar Ƙoda: Yadda Ake Tara Fitsarin Awa 24 da Yadda Ake Karanta Sakamakonsa

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga waɗanda tsakuwar ƙoda ta taɓa murƙushewa: "Malam, tsakuwar ta fita, to yanzu me zan daina ci?" Wani an ce masa ya bar madara, wani tumatir, wani kuma an ɗora wa ruwan rijiya laifi. Duk lalube ne a duhu. Amsar tana cikin fitsarin mutum, kuma akwai gwajin da yake fito da ita, wato tara fitsarin yini da kwana, awa 24 cif, a auna abin da ke ciki. Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa sukan sake yin wata cikin shekara 5 zuwa 10 idan ba a gyara komai ba, don haka wahalar kwana ɗaya da galan ba asara ba ce.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe kafin mu shiga aiki. Ka tuna kofin mai shayi a Taminus, nan cikin Jos: idan ya zuba sukari ya wuce abin da ruwan zai iya narkarwa, sauran sai ya kwanta a ƙasa. Haka fitsari yake da kalsiyam, okzalet da yurik asid. Idan ruwa ya yi kaɗan, ko waɗannan sinadarai suka yi yawa, ko sitiret da ke hana su haɗuwa ya yi ƙaranci, sai su fara daskarewa kamar yashi, yashin ya yi ta kama juna har ya zama tsakuwa. Ba tsakuwar shinkafa ba ce, ba kuma 'ya'yan gwaiba ba. Abin da ka haɗiye hanji yake bi, ba shi da hanyar da zai faɗa ƙoda.

1. Kama tsakuwar idan za ta fita

Muddin likita ya ce akwai tsakuwar da ake sa ran za ta fita da kanta, ka daina fitsari kai tsaye a masai. Nemi ƙaramin matacin shayi sabo ko ƙyalle mai tsabta, ka riƙa tacewa. Mafi yawan tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta, wadda ta haura milimita 10 kuwa da wuya. Abin da zai fito ƙila bai wuce ƙwayar gero ba, baƙi ko ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa. Ɗauraye shi da ruwa, bar shi ya bushe, ka sa a ƙaramar kwalba ko ambulan. Kada ka jiƙa shi a wani ruwa, kada ka manna shi da salatif.

Dalilin wannan wahala shi ne tsakuwa iri-iri ce. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ta kalsiyam da okzalet ce. Akwai ta kalsiyam da fosfet, akwai ta yurik asid, akwai wadda ƙwayoyin cutar mafitsara suke ginawa, akwai kuma ta sistin da ake gada, ita ba ta da yawa. Abin da ke maganin wata yana iya ƙara wa wata ƙarfi.

Gargaɗi: ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar sanyi, ko amai da ya hana ka riƙe ko ruwa, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ba lokacin tace fitsari ba ne. A wuce asibiti a daren, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, duk wanda ya fi kusa. Ƙodar da ta toshe kuma ƙwayar cuta ta shiga tana iya kashe mutum cikin kwanaki ƙalilan. Mai ciki da mai ƙoda ɗaya su kam ko babu zazzaɓi kada su zauna a gida.

2. Fara da likita, kuma kada ka yi gaggawa

Wannan gwaji ba ya tafiya shi kaɗai. Likita zai so hoton ciki, da gwajin fitsari na yau da kullum, da na jini da ke nuna kalsiyam, kiriyatinin (mai nuna yadda ƙoda take aiki), yurik asid da bayikabonet. Idan kalsiyam na jini ya hau, akwai wasu ƙananan ƙulluttai a wuya bayan maƙogwaro da ake kira faratayirod, su za a bincika, domin wani lokaci daga can matsalar take ba daga tukunya ba.

Waɗanda suka fi buƙatar tarin awa 24 su ne wanda tsakuwa ta maimaita masa, wanda aka ga tana ƙodoji biyu, yaro ko matashi, wanda abin yake a danginsu, mai ƙoda ɗaya, da mai yawan zawo ko wanda aka taɓa yi wa aikin hanji. Wanda ya yi sau ɗaya ma, idan yana so ya san inda ya dosa, ba laifi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne garaje. An sallamo mutum jiya, yau ya zo neman galan. A lokacin ba ya cin abinci yadda ya saba, an ɗura masa ruwa, ƙila akwai jini a fitsarin. Sakamakon da zai fito na majinyaci ne, ba na mutumin da ya gina tsakuwar ba. A jira aƙalla mako 3 bayan ta fita ko an cire ta, har sai ka koma cin abincinka da harkokinka.

3. Tambayi ɗakin gwaji kafin ka biya

Ba kowane ɗakin gwaji ne yake auna duk abin da ake buƙata ba. Kalsiyam, sodiyam, yurik asid da kiriyatinin ana samunsu cikin sauƙi. Okzalet da sitiret su ne masu wuyar samu, wasu wuraren sai sun aika da samfurin wani gari, kuma su ne suka fi cin kuɗi. To amma su biyun nan su ne rabin labarin. Ka je da takardar likita ka yi waɗannan tambayoyi baki da baki:

Shin za ku auna yawan fitsarin, pH (ma'aunin tsamin fitsari), kalsiyam, okzalet, sitiret, yurik asid, sodiyam da kiriyatinin? Wanne kuke yi a nan, wanne kuke aikawa? Galan ɗin da za ku ba ni akwai magani a ciki? Ƙarfe nawa kuke karɓa, kuma kuna karɓa ranar Asabar?

Batun kuɗi: galibi kowane sinadari da farashinsa, ba dunƙule ake yi ba. Ka ce a rubuta maka su ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin galan da kuɗin aikawa, ka kwatanta wuri biyu kafin ka yanke shawara. Idan kana da inshorar lafiya, ka tambaya wanne ta ɗauka. Idan aljihu bai kai ba, ka koma wurin likita ya zaɓa maka, kada kai ka soke na tsada da kanka. Na taɓa ganin wanda ya biya kuɗinsa a wani ɗakin gwaji, ya sha wahalar tarawa, aka miƙo masa takarda da furotin da kiriyatinin kawai a kai, domin sun ɗauka gwajin ciwon ƙoda na masu hawan jini yake nema. Tarin awa 24 ne duka biyun, amma abin da ake nema daban. Ka faɗa da bakinka cewa na tsakuwa ne.

Da so samu ne a yi tari biyu a ranaku daban-daban, domin fitsarin mutum na Litinin ba lallai ya yi daidai da na Juma'a ba.

4. Haɗa kayan aiki

Galan na ɗakin gwaji, mai cin lita 3 zuwa 5. Idan kai mai yawan fitsari ne ka nemi biyu. Sai wani ƙaramin mazubi mai faɗin baki, sabo, da za ka riƙa yi a ciki kana juyewa. Mazurari. Kula ko bokiti mai murfi da ƙanƙara. Biro da takarda. Baƙar leda ko jaka idan za ka fita.

Kada ka ɗauko jarkar manja ko robar lemo ka ce ka wanke. Ragowar sabulu ko omo yana sauya pH, yana kuma ƙara sodiyam da fosfet da ba daga jikinka suka fito ba.

Gargaɗi: wasu galan ɗin suna zuwa da ɗan ruwa ko gari a ƙasa. Ba datti ba ne, kada ka zubar. Sau da yawa asid ne, an sa shi don kada kalsiyam da okzalet su daskare kafin a auna su. Yana ƙona fata. Saboda haka ba a fitsari kai tsaye cikin galan, kuma a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Ka kuma sani fitsarin da aka zuba wa asid ba a iya auna pH ɗinsa, yurik asid ma ba ya fitowa daidai. Shi ya sa wasu wuraren suke ba da galan biyu na kwana biyu, ɗaya da asid ɗaya babu. Idan haka ne, ka rubuta a jikin kowanne da ranarsa.

5. Zaɓi ranar da ta yi kama da sauran ranakunka

Nan ne mutane suke yaudarar kansu. Mutum ya san gobe gwaji, sai ya wuni yana kwankwaɗar ruwa, ya ƙi tsire, ya ce wa uwargida a rage gishiri. Sakamako ya fito fes, kowa ya yi murna, bayan shekara tsakuwa ta dawo. Ranan wanka ba a ɓoyon cibi. Ci abin da ka saba ci, sha abin da ka saba sha. Idan kofi uku na shayi ne ƙa'idarka da sanyin Jos, ka sha ukun. Idan kai ɗan kasuwa ne a Farin Gada da ke wuni bai sha ruwan leda biyu ba, to haka za ka yi ran nan ma.

Mutane sun fi son Lahadi saboda suna gida. Ba laifi, amma idan za ka yi tari biyu, ɗaya ya zama ranar aiki, domin a ranar aiki ake gina tsakuwar. Direban da ke hanyar Jos zuwa Abuja, wanda yake ƙin shan ruwa don kada ya riƙa tsayawa, fitsarinsa na ranar hutu ba zai nuna gaskiyar lamarinsa ba.

Kada a yi ranar biki ko suna, ko kwanakin Babbar Sallah da nama ya yi yawa. Kada a yi ana zawo, zazzaɓi ko ciwon sanyin mafitsara. 'Yar'uwa, ke kuma ki bari sai kin yi tsarki daga al'ada. Magungunan da kake sha ka lissafa wa likita su duka, musamman bitamin C, ƙwayar kalsiyam, maganin hawan jini mai sa fitsari, da na gargajiya. Kada ka dakatar da kowanne sai in shi ya ce.

6. Tarawar kanta

A ce ka tashi ƙarfe 5 na asuba.

Fitsarin farko na wannan asubar ba a tara shi. Yi shi a masai, ka juye mafitsara sarai, ka dubi agogo ka rubuta: an fara 5:00. Dalili kuwa wannan fitsarin ƙoda ta haɗa shi ne cikin daren jiya, ba ya cikin lissafin yau. Daga wannan minti, duk ɗigon da ya fito na galan ne: na hantsi, na azahar, na dare, har wanda ya tashe ka ƙarfe 2. Washegari ƙarfe 5 daidai, ko kana ji ko ba ka ji, ka je ka yi, ka zuba a galan. Wannan shi ne na ƙarshe. Rubuta lokacin, ka rufe.

Wato na farko a zubar, na ƙarshe a tara. Wanda ya tara duka biyun ya kawo na wajen awa 30, komai zai fito ya yi yawa, a ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata. Wanda ya zubar da duka biyun ya kawo na awa 16 ko 17, sai a ce masa lafiyarsa lau.

Ga wuraren da ake tuntuɓe.

Bayan gida. Idan ta kama ka, fara yin fitsari a mazubi tukuna, sannan ka tsuguna. In ba haka ba zai zube ba ka sani ba, ko ya gauraya.

Tsarki. Kawar da mazubin gefe kafin ka ɗauki buta. Ruwan tsarki idan ya shiga yana ƙara yawan da ba naka ba. Mata su fi kula da wannan. Shi ma mazubin idan ka ɗauraye shi, ka kife shi ya tsane kafin a sake amfani da shi.

Masallaci da kasuwa. Mutum ya saba ya zaga bayan masallaci kafin alwala, sai ya gama sannan ya tuna. A ranar, ka yi fitsarinka a gida kafin ka fita sallah. Idan wuni za ka yi a shago, tafi da ƙaramar roba sabuwa mai murfi a cikin jaka, in ka dawo ka juye. Mai kunyar a gan shi da ita ya tuna yadda ya yi ta birgima a ƙasa ran da tsakuwar ta motsa, a gaban kowa.

Sanyi. Galan ya zauna a wuri mai sanyi duk tsawon lokacin, domin a cikin zafi ƙwayoyin cuta suna hayayyafa, su cinye sitiret, su ɗaga pH. Na san ba kowane gida ne za a yarda a sa fitsari a firjin abinci ba, ni ma ban ga laifin uwargidan da ta ƙi ba, ga kuma halin wutarmu. Kula da ƙanƙara ta wadatar, a sauya ƙanƙarar in ta narke. Kada dai a bar shi ya daskare. Sanyin Disamba na Jos yana taimakawa, amma watan Maris da Afrilu kada ka dogara da inuwar ɗaki.

Idan ka manta ko sau ɗaya, ko wani ya zube, to tarin ya lalace. Kada ka cika da ruwa, kada ka ƙara awa biyu a ƙarshe don ramuwa. Koma ka karɓi sabon galan ka sake daga farko. Kuɗin galan bai kai kuɗin gwajin da zai ba ka amsar ƙarya ba.

A takardar nan kuma ka riƙa rubuta abin da ka ci da abin da ka sha, da ƙiyasin yawansa. Likita zai ji daɗinta fiye da yadda kake zato.

7. Kai shi da wuri

Da safen nan za a kai, cikin awa biyu ko uku. Ɗaure murfin sosai, sa a leda, riƙe shi a tsaye a cikin Keke. Kai galan ɗin gaba ɗaya, kada ka ɗebi kaɗan a kwalba ka ce ai duk ɗaya ne, sai fa idan su suka ce ka yi haka kuma suka nuna maka yadda za ka auna jimillar. A jikinsa a rubuta suna, lokacin farawa, lokacin gamawa. Ka hau sikeli a rubuta nauyinka, za ka ga amfaninsa yanzu.

8. Duba kiriyatinin kafin komai

Idan takarda ta fito, kada idonka ya fara sauka kan kalsiyam. Nemi kiriyatinin. Shi tsoka ce take fitar da shi kusan daidai wa daida kowace rana, don haka shi ne mai tona asirin tarin da bai cika ba. Namiji yakan fitar da kimanin miligiram 20 zuwa 25 a kan kowane kilo na nauyinsa, mace 15 zuwa 20. Namiji mai kilo 70 ke nan ana sa ran 1,400 zuwa 1,750. Idan aka ga 700, an zubar da rabi a wani wuri. Idan aka ga 2,600, an wuce awa 24. Tsoho da ramamme nasu yakan yi ƙasa, mai ƙirar ƙarfi nasa ya ɗan hau. Idan tari biyu ka yi, kiriyatinin ɗinsu ya kamata ya yi kusa da juna.

Ka kuma lura da ma'auni. Wani wurin miligiram yake rubutawa, wani milimol. Wani kuma yakan rubuta abin da ke cikin lita ɗaya ne, ba na yini ba. In haka ne sai ka ninka da yawan fitsarin: milimol 3 a lita, fitsari lita 1.8, jimilla milimol 5.4 ke nan.

9. Karanta sauran layukan

Yawan fitsari. Abin da ake so ga mai tsakuwa shi ne lita 2.5 a yini, ko aƙalla 2. Da yawa daga cikin mutanenmu lita ɗaya da ɗan wani abu suke kawowa, suna kuma rantsuwa cewa suna shan ruwa. A Jos abin yana da wayo. Garin yana kan tudu, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ga sanyi, ga busasshiyar iskar hunturu da ke zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata ba tare da an ga gumi ba. Ƙishirwa ba ta zuwa, mutum ya wuni a kan shayi. Wannan layi shi ne mafi arahar gyarawa, kuma yana rage haɗarin kowace irin tsakuwa.

pH. Shi ne ma'aunin tsamin fitsari, ƙaramar lamba tana nufin tsami ya yi yawa. Wajen 6 shi ne tsaka-tsaki mai kyau. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, yurik asid ba ya narkewa, sai ya kwanta, ko da yawansa bai wuce ƙa'ida ba. Daga pH 5 zuwa 6.5, abin da fitsari zai iya narkarwa na yurik asid yana ninkuwa kusan sau goma. Masu ciwon sukari da masu ƙiba su suka fi samun fitsari mai tsami irin wannan. Idan kuma ya haura 6.5 yana tafiya 7, kalsiyam da fosfet ne suke samun dama. Sama da 7, musamman da wari irin na amoniya, sai a nemi ƙwayar cuta.

Kalsiyam. Sama da miligiram 300 ga namiji, 250 ga mace, ya yi yawa. A milimol, 7.5 da 6.25 ke nan. Amma kada ka karanta shi shi kaɗai, duba layin da ke biye.

Sodiyam. Wannan gishirin da ka ci ne yake fitowa. Raba lambar milimol da 17, za ka sami kimanin giram na gishirin da ka ci a ranar. Wanda ya ga 200 ya ci kusan giram 12, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce. Ƙoda idan tana fitar da sodiyam tana jan kalsiyam tare da shi, don haka sau da yawa kalsiyam mai yawa a fitsari laifin gishiri ne da dunƙulen miya, ba na nono ba. Abin nema shi ne milimol 100 ko ƙasa.

Okzalet. Sama da miligiram 40 zuwa 45 ya yi yawa. Idan ya ninka haka ko ya wuce, ba maganar miya kaɗai ba ce, likita zai binciki hanji ko gado.

Sitiret. Shi ne mai raba faɗa: yana riƙe kalsiyam ya hana shi kama okzalet. Ƙasa da miligiram 320 ya yi kaɗan. Yawan nama, ƙarancin kayan lambu da 'ya'yan itace, zawo mai daɗewa da ƙarancin fotasiyam duk suna saukar da shi.

Yurik asid. Sama da miligiram 800 ga namiji, 750 ga mace. Nama ne tushensa, musamman kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da kifin gwangwani.

10. Gyara abin da takardarka ta nuna, ba abin da ta maƙwabci ta nuna ba

Idan ruwa ne, yi lissafi da leda. Kowace leda rabin lita ce, shida lita 3 ke nan, kuma kusan haka ake buƙata a sha kafin a fitar da lita 2.5. Mai aikin ƙarfi a rana sai ya ƙara. Kada a shanye su zama ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura shan ruwa a kan salloli biyar, leda ɗaya bayan kowace sallah, ta shida kafin kwanciya, domin da dare ne fitsari ya fi kauri. In sanyi ya hana ka, ɗumama shi. Alamar ka kai ita ce fitsari ya koma fari-fari. Gargaɗi: mai ciwon zuciya, mai kumburin ƙafa, da wanda ƙodarsa ta raunana kada su ƙara ruwa sai da izinin likita.

Idan sodiyam ne, gyaran a madafa yake. A rage dunƙule da gishiri sannu a hankali cikin makonni, harshe zai saba. Daddawa, tafarnuwa, citta da albasa suna cike gurbi. Yajin tsire, kilishi da garin ɗanɗanon taliyar yara duk gishiri ne. Kanwa ma, ko da ba ta da ɗanɗanon gishiri, sodiyam ce.

Idan okzalet ne, a nan ake yin kuskure mafi girma. Mutum ya ji tsakuwarsa ta kalsiyam ce, sai ya yi sallama da nono da madara. Wannan yana ƙara haɗarin ne. Kalsiyam na abinci yana kama okzalet tun a hanji su fita tare ta bayan gida. Idan babu shi, okzalet ya sami hanya ya shiga jini ya sauka a ƙoda. Ana so babba ya sami miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam a yini daga abinci, kuma a ci shi tare da abincin, ba a wani lokaci daban ba. Kindirmo bayan tuwo, madara a cikin shayi. Abubuwan da za a rage su ne alayyafo, kuɓewa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, riɗi, waken suya, dankali, cakulan da baƙin shayi mai kauri. Ragewa na ce, ba haramtawa ba. Alayyafo idan aka tafasa aka zubar da ruwan farko, wani kaso na okzalet yana tafiya. Ƙwayar bitamin C mai miligiram 1,000 da ake sha kullum saboda mura kuwa, jiki yana mayar da wani ɓangarenta okzalet, a bar ta.

Idan sitiret ne ya yi ƙasa ko pH ya yi tsami, a rage nama, a ƙara kayan lambu da 'ya'yan itace, abin da Jos ba ta rasa ba: kabeji, karas, kokwamba, lemo, ayaba, kankana. Matsa lemon tsami a ruwan sha yana taimakawa, ba tare da an cika sukari ba. Idan bai isa ba, likita yana da fotasiyam sitiret. Don kalsiyam da ya ƙi sauka akwai magungunan tayazayid, don yurik asid akwai alofurinol. Gargaɗi: kada ka saya da kanka. Fotasiyam yana iya taruwa a jini ya taɓa zuciya ga mai raunin ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini, kuma ɗaga pH fiye da kima yana sauya tsakuwar yurik asid da ta fosfet. Kada kuma a jiƙa kanwa a sha da sunan rage tsami.

Tsakuwar yurik asid ita ce wadda magani yake iya narkarwa idan aka ɗaga pH zuwa 6.5 ko 7. Ta kalsiyam da okzalet, wadda ita ce mafi yawa, babu jiƙo ko tsimin da yake narkar da ita, komai daɗin bakin mai lasifika a tasha.

Mai azumi ya raba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur: leda biyu daga shan ruwa zuwa isha'i, biyu bayan tarawihi, biyu da sahur, ya kuma sassauta gishiri da shayi a sahur. Wanda tsakuwa ta sha maimaita masa ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.

11. Sake tarawa

Bayan mako 8 zuwa 12 da fara gyara ko fara magani, a koma a karɓi galan, a bi matakin nan na 5 da na 6 kamar yadda aka yi da farko, a ɗakin gwaji ɗaya idan zai yiwu don ma'aunin ya zama iri ɗaya. Ajiye takardun biyu gefe da gefe: fara da kiriyatinin, sannan yawan fitsari, sannan layin da aka yi niyyar gyarawa. Idan lambobin sun dawo hanya, sau ɗaya a shekara ya isa, tare da hoton ciki idan likita ya nema. Ɗauki hoton kowace takarda da waya ka adana, domin fayil yana ɓacewa, likitan da zai gan ka baɗi kuma ƙila ba na bana ba ne.